Littafi Ba Bulala Ba Ne



Akwai wata magana da ake yi a gidajenmu kusan kowace yamma, kuma yau da ita muka zo faɗa. Yaro ya cika surutu, ko ya fasa kofi, ko ya dame uwa tana tuƙa tuwo, sai a daka masa tsawa: "Je ka ɗauki littafinka!" Wanda ya faɗi haka yana ganin tarbiyya ya yi. Amma abin da yaron ya koya daban ne. Ya koyi cewa littafi wurin da ake tura mai laifi ne, ɗan'uwan kamun kunne da tsallen kwaɗo. Ba a taɓa ce masa ya je ya kalli talabijin don ya yi laifi ba. Kallo da waya su ne lada, littafi shi ne horo. A yi shekara goma sha biyu ana cusa masa wannan darasi, sannan a riƙe baki ana mamaki wai matasan yanzu ba sa son karatu. Ruwa ba ya tsami banza.

Ku duba irin littattafan da ke cikin ɗakunanmu. In aka cire Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi, abin da ya rage yawanci shi ne na lissafi, na Turanci, da tambayoyin baya na WAEC da NECO da JAMB. Ranar da aka fito daga jarrabawar ƙarshe, ranar aikinsu ya ƙare. Wasu su tafi wurin mai ƙosai a riƙa naɗe wa mutane karin kumallo da su, wasu a tura su kwali ƙarƙashin gado gara ta yi biki. Akwai masu digiri a cikinmu waɗanda tun da suka ajiye biro a ɗakin jarrabawa ba su sāke karanta littafi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba, kuma ba sa jin wani abu ya ɓace musu.

Matsayinmu a fili yake. Karatun jin daɗi, wanda ba malamin da zai tambaye ka, ba maki, ba takardar shaida, yana cikin abubuwan da ke sa gida ya zama gida, kamar hira da cin abinci a kwano ɗaya. Makaranta tana koya wa yaro yadda ake karatu, amma a gida ake koyon son karatu. In gida ya ƙi, babu malamin da zai iya.

A da, yammacin gida yana da ma'ana. Bayan tuwon dare a shimfiɗa tabarma, kaka ko goggo ta ja yara da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, a yi ka-cici-ka-cici, a yi gardama a kan wanda ya fi wayo. Yaro yana koyon jiran ƙarshen magana, yana koyon kalmomi, yana koyon gane makirci tun daga nesa. Yau ku leƙa falo da ƙarfe takwas na dare: mutum shida a zaune, fuska shida kowacce da hasken wayarta, ba mai ce wa wani uffan. Ba mu ce waya abokiyar gaba ce ba. Da ita ma kuke karanta wannan rubutu. Abin da muke cewa shi ne an bar wurin tatsuniya fanko, waya kuma ta zo ta yi shimfiɗa a ciki, alhali littafi ne ya fi cancanta ya gāji wurin.

Mun san amsoshin da za a ba mu. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Ba lokaci"

Wannan ita ce hujjar da ta fi kowacce yawa a baki, ita ce kuma ta fi kowacce rauni. Wasan ƙwallo ɗaya minti casa'in ne, ban da hutun rabin lokaci, ban da gardamar da ake yi a bakin gidan kallo bayan an tashi. Fim ɗin Indiya da aka fassara yana cin awa biyu da rabi ba wanda ya yi ƙorafi. Ana buɗe TikTok don a ga abu ɗaya, sai a farga batir ya kusa mutuwa.

Mu yi lissafi mai sauƙi. Shafi goma a rana, abin da bai wuce minti ashirin ba ga mai matsakaicin sauri, ya zama shafi 3,650 a shekara. In kowane littafi yana da shafi 200, littafi 18 ke nan. Ko an yi rabin haka, tara ne. Da yayyafi kogi kan cika. Wanda yake da minti casa'in na kallon wasu suna gudu a Ingila yana da minti ashirin na kansa.

Ga kuma shaida a kusa. Tun daga shekarun 1980, mata a Kano da sauran garuruwan Arewa suka riƙe kasuwar littattafan labarai na Hausa da hannu biyu, suna rubutawa, suna saye, suna karɓar haya a shago su mayar. Matan aure ne masu girki da wanki da goyo. Mutum yana iya samun abin faɗa a kan wasu daga cikin littattafan, amma ba zai iya musun abu ɗaya ba: mai son labari ba ta rasa lokacinsa.

"Littafi ya yi tsada"

Wannan akwai gaskiya a ciki, ba za mu yi kamar ba mu san farashin kwanon masara ba. Uban da ke fama da kuɗin makaranta da na haya ba za a ce masa ya shiga kantin littattafai kowane wata ba. Amma littafi yana da wani hali da data ba ta da shi: ba ya ƙarewa. Datar da aka saya ranar Litinin kafin Asabar ta tafi. Littafin da aka saya bana, ƙanenka zai karanta shi baɗi, ɗanka ya tarar da shi bayan shekara ashirin. Ku tambayi iyayenmu da suka yi sakandare a shekarun 1980 yadda littafi ɗaya na jerin Pacesetters yake zagaya ɗakin kwanan ɗalibai har bangonsa ya fita, a ɗinke shi da zare a ci gaba.

Masu sayar da tsofaffin littattafai suna nan a bakin titi a Jos da Kaduna da sauran manyan garuruwa, ana ciniki da su kamar na gwanjo. Gida goma in kowanne ya kawo littafi biyu, an sami ashirin. Muna iya haɗa kuɗin anko na biki cikin mako biyu, muna iya haɗa kuɗin rigar taro mai tambari a baya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mun yarda. To hannuwan ai suna nan, ba a dai kai su ga wannan jinkar ba ne.

"Ba al'adarmu ba ce"

Mai faɗin haka bai san tarihin harshen da yake magana da shi ba. A 1933, Hukumar Fassara da ke Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A wannan zubin kuma aka buga Jiki Magayi, wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da East. Ku lura da shekarunsu: Imam da Tafawa Ɓalewa malaman makaranta ne a lokacin, dukansu ba su kai shekara 25 ba. Sa'o'inmu ne. Ɗaya ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939, ɗayan ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Mutumin da ya tsaya ya karɓi 'yancin kan ƙasar nan a 1960 bai ga rubuta labari a matsayin aikin marasa aikin yi ba.

Magana Jari Ce, kundi uku da Abubakar Imam ya fara fitarwa a 1937, an gina farkonsa ne a kan wani aku da ya riƙa ba ɗan sarki labari bayan labari don ya hana shi fita cikin haɗari. Iyayen da ke kukan cewa samari ba sa zaman gida da dare, ga dabara tun ta kaka da kakanni: labari mai daɗi yana riƙe matashi inda kwaɗo da sakata suka kasa.

Kuma ba a daina ba. BBC Hausa ta fara gasar Hikayata ta gajerun labaran mata a 2016. Helon Habila, ɗan Kaltungo, ya ci kyautar Caine ta marubutan Afirka a 2001. Daga garuruwanmu ake rubuta abin da duniya ke karantawa, mu kuma muna cewa ba al'adarmu ba ce.

"Labari ƙarya ne, mai bi ba ya ɓata lokaci a kansa"

Wannan hujja daga cikin gida take fitowa, daga bakin mutanen kirki, don haka za mu amsa ta da ladabi amma ba da tsoro ba. Ƙarya ita ce a faɗi abu don a ruɗe ka. Mai ƙagaggen labari bai ruɗi kowa ba. Tun daga bango ya gaya maka labari ne. Sa'ad da annabi Natan ya je wurin sarki Dawuda, bai fara da zargi ba. Labarin wani matalauci da 'yar tunkiyarsa ya ba shi, sarki ya yanke hukunci, sannan ya gane kansa ya yanke wa. Ubangijinmu ya koyar da misalai: mai shuka, ɗan da ya ɓata, Basamariye mai tausayi. Manzo Bulus a Atina ya kafa hujja da mawaƙan Helenawa, abin da ke nuna ya san su. Daga kurkuku kuma, a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti, ya roƙa a kawo masa mayafinsa da littattafansa. John Bunyan, mai gyaran tukwane da aka tsare a Bedford ta Ingila saboda wa'azi, ƙagaggen labari ya bar wa masu bi, The Pilgrim's Progress, wanda ya fito a 1678 kuma har yau ana karanta shi.

Akwai kuma abin da masu wannan hujja ba su lura da shi ba. Zama da shafi na tsawon lokaci abu ne da ake sabawa da shi, kamar ɗaukar ruwa daga rafi. Idon da ya saba da bidiyon daƙiƙa talatin ba zai jure wa littafin Ayuba ko wasiƙar Romawa ba. Wanda ya hana yaro labari don ya tsare masa Littafi Mai Tsarki, sau da yawa biyun yake raba shi da su.

Ba mu ce kowane littafi alheri ne ba. Akwai na banza, akwai na batsa, a takarda da kuma a waya. Amma maganin ruɓaɓɓen tumatir ba daina miya ba ne. Uwar da ta san abin da ke cikin littafin 'yarta, domin ita ma ta karanta, ta fi wadda ta hana ƙarfi, domin mai hanawa ba ta san abin da ake karantawa a ƙarƙashin bargo ba.

Wa ake bari ya zauna?

Yanzu mu zo ga maganar da ba a son taɓawa. A gidaje da yawa, ba rashin littafi ne ya hana 'ya mace karatu ba, rashin izinin zama ne. Yarinya ta dawo daga makaranta, ta ɗebo ruwa, ta yi wanke-wanke, ta kai niƙa, ta hura wuta, ta yi wa ƙanne wanka. In ta sami minti goma ta jingina da bango da littafi a hannu, sai a ji murya daga ɗaki: "Ke, ba ki da aikin yi ne?" A daidai wannan lokaci yayanta yana gidan kallo, ba wanda ya tambaye shi aikin yi. Zai dawo ya tarar da tuwo a rufe.

Wannan rashin adalci ne, kuma mu samari ba ma bukatar jiran taron dattawa kafin a gyara shi. Saurayin da ya ɗauki jarka ya ɗebo ruwa, ko ya wanke kwanon da ya ci abinci a ciki, ya saya wa ƙanwarsa rabin awa. Hannunsa ba zai guntule ba. Iyayenmu mata kuma, Mama, da girmamawa muke cewa: yarinyar da ke zaune da littafi ba zaman banza take yi ba. Ita ce gobe za ta karanta wa jikokinku. Ku ma kuna da haƙƙin wannan rabin awar; kun fi kowa aiki a gidan, bai kamata ku zama na ƙarshe wajen hutawa ba.

Baba, kai ma ana kallonka. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yaron da bai taɓa ganin mahaifinsa yana dariya shi kaɗai a kan wani shafi ba, da wuya ya yarda akwai daɗi a ciki, ko da an yi masa wa'azin karatu sau ɗari.

Abin da muke shirin rasawa

Kada a ɗauka wannan maganar 'yan boko ce masu neman abin faɗa. Rahoton da Bankin Duniya ya fitar tare da UNESCO da UNICEF a 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, kusan yara tara cikin goma ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi a lokacin da suka cika shekara goma. Waɗannan yaran ba a wata duniya suke ba, suna cikin ajinmu na makarantar Lahadi. Ga masu cewa labari yana ɗauke hankalin yaro daga jarrabawa kuma, ga abin da ƙungiyar OECD ta gano a gwajin PISA na 2009, wanda ake yi wa 'yan shekara 15 a ƙasashe da dama: ɗaliban da ke karatu kullum don jin daɗi sun wuce waɗanda ba sa yi da tazarar da ta kai ta shekara ɗaya da rabi na zaman aji. Ashe jarrabawar ma da ake bauta wa ta fi son mai karanta labari.

Muna rasa harshe. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, kakanninmu da yawa da shi suka koyi haɗa baƙi a ajin yamma, bayan sun dawo daga gona. Yau sai a miƙa wa mai digiri karatun aya a sujada, ya riƙa tuntuɓe, bai san bambancin ƙ da k ba, ya mai da ƙasa kasa. In haka Hausa take, ina ga Berom, Ngas, Tangale, Bura ko Jju? Harshen da ba a karanta shi a gida, a hankali yake ficewa ta ƙofar baya.

Muna rasa haƙurin bincike. A watan Agusta na 2014, lokacin tsoron Ebola, saƙo ya zagaya wayoyi cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka tashi 'yan'uwansu daga barci suka yi, wasu suka kwanta asibiti, har da rasa rai. Wanda ya saba bin labari mai tsawo ya saba tambaya: wa ya faɗa, me yake nema, me ya biyo baya? Wannan sabon yana da amfani a garuruwan da jita-jita ɗaya take iya rufe kasuwa.

Muna kuma rasa sanin maƙwabci. A wasu biranenmu unguwanni sun rabu, yaro yana iya girma bai taɓa shiga tsakar gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Labari yana shigar da kai inda ƙafarka ba ta zuwa. Wanda ya bi mahaifiyar Shaihu Umar tana ratsa hamada tana neman ɗanta da aka sace, ba zai rufe littafin yana tambayar addininta ba. Uwa ya gani, irin tasa.

To, me za a yi?

Abu na farko ba ya cin ko sisi: a daina horo da littafi. In yaro ya yi laifi, a nemi wani hukunci. A juya abin: wanda ya gama aikinsa da wuri shi zai zaɓi labarin daren yau.

Na biyu, a ware minti ashirin bayan abincin dare, ko da sau uku a mako. A tara wayoyi a faranti ɗaya, har da ta maigida. Mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi, saura su saurara. Gobe wani ya karɓa. Ta haka kakar da idonta ya raunana da ƙaramin da bai iya haɗa baƙi ba duk suna ciki. In an ɗauke wuta, tocila ta isa. Waɗanda suka riga mu da aci-balbal suka yi. A tsaya a inda labari ya yi daɗi, a bar yara su kwana da tambaya. Ruwan Bagaja bai kai shafi ɗari ba, mako ɗaya ya ishe shi.

Na uku, kada a mai da shi aji. Ba tambayar "me ka koya?", ba gyaran kuskure da tsawa. In littafi bai yi wa mutum daɗi ba bayan shafi talatin, ya ajiye ya ɗauki wani. Ba laifi ya yi ba.

Na huɗu, namu ne mu matasa. Kowane reshe na zumunta yana iya samun akwati ɗaya mai makulli, da littafin rubuta sunan mai aro, da mutum ɗaya mai riƙon amana. Kowa ya kawo abin da ke kwance a gidansu kafin gara ta riga mu. A aro ranar Lahadi, a mayar bayan mako biyu. In za mu je bikin suna ko na ranar haihuwa, a cikin masu kawo omo da sabulu a sami mutum ɗaya da ya kawo littafin yara.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙannenmu da ke firamare yau, nan da shekara goma sun riga sun yanke shawara a kan littafi, kuma abin da suka gani a tsakar gida ne zai yanke musu. Kada mu jira gwamnati ta gina ɗakin karatu a unguwa. Tabarma tana nan, tocila tana nan, daren yau ma yana zuwa.

Allah ya ba mu gidaje masu hira da karatu. Amin.